Wuƙar cikin kwamfuta ba ta dakushewa: yadda ake saka zaizayar wuƙa a manhajar kwaikwayon yankan ƙarfe

Idan ka buɗe manhajar kwaikwayon yankan ƙarfe yadda ta zo, da zato guda take fara aiki: wuƙar da ta yanka kaya na farko ita ce za ta yanka na ɗari, kaifinta bai ragu ba, faɗinta yana nan daram. Allo zai nuna kore ko'ina, babu karo, babu cin da ya wuce layi. A kan injin kuwa, tun mintin farko bakin wuƙa ke ja da baya, ƙarfin da take buƙata yana hawa, awon kaya yana zamewa sannu a hankali. Koren allon nan shaida ce a kan kaya na farko kaɗai.

Babu maɓalli ɗaya da za ka danna zaizaya ta shigo. Ta ƙofa uku ake shigar da ita: lokaci, siffa da ƙarfi. Lambobin da za ka zuba a kowace ƙofa kuma a bakin injinka za ka samo su. Na littafin masu sayar da wuƙa sun isa a fara da su, ba su isa a dogara da su ba.

Mataki na farko: san irin manhajar da ke hannunka

Iri uku ne. Akwai mai kwaikwayon siffa zalla, irin wadda ke cikin manhajojin CAM masu tsara hanyar wuƙa, kamar Mastercam, Fusion ko NX CAM, da kuma Vericut da NCSIMUL masu karanta ainihin lambobin G, wato umarnin da za a tura wa inji. Wannan tana ɗaukar wuƙa a matsayin dunƙulen siffa, duk inda ta ratsa cikin ɗanyen ƙarfe sai ta goge wurin. Ba ta san zafi ba, ba ta san tauri ba. Akwai ta biyu mai lissafa ƙarfin yanka a kowane taku na hanyar wuƙa, kamar sashen Force na Vericut, ko CutPro da ta fito daga binciken Yusuf Altintas a Jami'ar British Columbia ta Kanada. Ta uku ita ce mai tsarin FEM, wadda ke rarraba bakin wuƙa da ƙarfen zuwa ƙananan gidajen raga ta lissafa zafi da matsi a kowane gida: AdvantEdge, Deform, Abaqus.

Mai aikin yau da kullum a kan injin CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, ta farko da ta biyu sun ishe shi, tare da Excel a gefe. Ta uku ta mai tsara wuƙa ce da mai bincike, kuma zan taɓo ta can ƙasa.

Mataki na biyu: yanke hukuncin abin da kake kira mutuwar wuƙa

Kafin a yi lissafin rayuwa sai an san inda take ƙarewa. Abin da aka fi aunawa shi ne zaizayar gefe, wato ɗan shafaffen layin nan mai ƙyalli da ke fitowa a ƙasan baki, inda wuƙa ke gogar fuskar da ta riga ta yanka. Faɗinsa ake kira VB. Ƙa'idar ISO 3685, ta gwajin wuƙaƙen injin tonin, wanda kaya ke juyawa wuƙa na tsaye, ta sa iyaka a milimita 0.3 idan cin ya yi bai ɗaya, ko 0.6 a wuri mafi faɗi idan bai daidaita ba. Ta kuma sa iyakar kwarmin da sassaƙen ƙarfe ke haƙawa a fuskar wuƙar kabayid (haɗin tungsten mai tsananin tauri): zurfinsa kada ya kai 0.06 + 0.3f, inda f shi ne turawar kowane zagaye. Ga injin milin, wanda wuƙa ke juyawa, akwai ISO 8688, kuma sashenta na biyu ya sa 0.3 a matsakaicin duk haƙoran, 0.5 a wuri guda.

An tsara waɗannan lambobi ne domin gwajin wani ya kwatantu da na wani. Ba su san awon kayanka ba. A aikin ɓarzawa, inda burinka kwashe ƙarfe da yawa, kana iya kai wa 0.3 har ka ɗan gota. A aikin gamawa, awo ne ke kashe wuƙa tun bakinta da sauran kaifi, kuma a mataki na shida za ka ga lissafin da ke nuna haka.

Duba kuma irin cin da wuƙarka ke yi. Duk lissafin da ke tafe a kan cin da ke tafiya a hankali aka gina shi. Idan bakin ɓantarewa yake yi, ko ƙarfe mai danƙo irin alminiyam yana maƙale masa, ko yana yin giɓi daidai layin zurfin yanka kamar yadda Inconel 718, haɗin nikel mai jure zafi, ya saba jawowa, gyara wannan matsalar tukuna a kan inji. Babu dabarar lissafi a nan da za ta faɗa maka mintin da baki zai ɓalle.

Mataki na uku: auna, ka zana layin zaizaya

Ɗauki sabuwar wuƙa, irin ƙarfen da za ka yi aiki da shi, ruwan sanyaya iri ɗaya, mariƙin wuƙa iri ɗaya, tsawon fitowa iri ɗaya. Yanka na ɗan lokaci, tsaya, auna VB da madubin ƙara girma mai ma'auni, rubuta, ci gaba. Ido ba mudu ba ne ko da ya san ƙima: bambancin 0.10 da 0.15 ba ya ganuwa da ido, kuma a kansa lissafin ya rataya. A farkon gwaji yawaita tsayawa, bayan minti ɗaya, biyu, huɗu, daga nan ka buɗe tazara. Wuƙar milin a auna kowane haƙori daban, domin in akwai ɗan karkata a mariƙi, haƙori ɗaya ne ke ɗaukar nauyin 'yan'uwansa, shi ne kuma zai riga su mutuwa.

Idan ka zana VB a kan lokaci, layin zai kasu uku. Da farko ya hau da sauri, lokacin da tsinin sabon baki ke gogewa. Sai doguwar tafiya a miƙe. A ƙarshe ya sake ɗagawa sama, rufin da aka shafa wa bakin wuƙar ya ƙare, zafi ya yi yawa, daga nan sai karyewa. Iyakarka ta tsaya kafin gwiwar nan ta biyu. Maimaita gwajin sau uku in da hali. Wuƙaƙe biyu daga kwali ɗaya ba sa mutuwa a minti ɗaya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce za ta gaya maka yawan rarar da za ka bari.

Mataki na huɗu: fitar da lambobin Taylor naka

Frederick W. Taylor ya shafe shekara 26 yana gwajin yankan ƙarfe a masana'antun Midvale da Bethlehem na Amurka, aka buga sakamakon a 1907. Dabarar da ke ɗauke da sunansa har yau ita ce ginshiƙi:

V × T^n = C

V gudun yanka ne, mita a minti. T rayuwar wuƙa ce, a minti, zuwa iyakar da ka zaɓa. n da C lambobi ne da ake samowa daga gwaji. Ita n takan zauna wajen 0.125 ga wuƙar HSS (ta ƙarfe mai jure gudu), wajen 0.25 ga kabayid, ta haura haka ga seramik. Gwaji a gudu biyu ya isa ka fitar da taka. Ga lambobin misali: a gudun 200 wuƙa ta yi minti 24, a gudun 260 ta yi minti 8.4. Sai ka raba ln(260/200) da ln(24/8.4), ka samu n = 0.25 (ln maɓallin logarithm ne a kalkuleta). C kuma 200 × 24^0.25, wajen 443. Yanzu kowane gudu da ke tsakani kana iya lissafa shi: a 230, T = (443/230)^4, wajen minti 13.7 ke nan.

Dubi yadda gudu ke da tsada. Da n na 0.25, ƙarin kashi 20 cikin ɗari a gudu yana raba rayuwar wuƙa biyu, domin 1.2^4 ya ɗan haura 2. Turawa tana ci, amma ba kamar haka ba, zurfin yanka kuma shi ne mafi sauƙin illa. Idan firogiram ɗinka yana sauya turawa sosai, yi ƙarin gwaji ka faɗaɗa dabarar zuwa V × T^n × f^a × d^b = C, inda d zurfin yanka ne, a da b kuma lambobin da gwajin zai ba ka. Kada kuma ka ja layin nesa da inda ka gwada. A gudu ƙasa sosai ƙarfe ke fara maƙalewa a baki, a sama sosai zafi ke narkar da lissafin.

Mataki na biyar: sa manhaja ta ba ka ainihin lokacin da baki ya yi a cikin ƙarfe

A nan manhajar kwaikwayo ke fara biyan kuɗinta. Lokacin da inji ya ɗauka da lokacin da baki ya yi yana yanka ba ɗaya ba ne. Manhajar da ke bin ɗanyen ƙarfe taku-taku ta san inda wuƙa ke yawo a iska da inda ta nutse. Fitar da rahoton kowace wuƙa: lokacin yanka, zurfi, faɗin kamu, gudu da turawa. Kwashe shi zuwa Excel.

A milin akwai abubuwa biyu da ke ruɗar mutane. Na farko, haƙori ba ya cikin ƙarfe duk zagaye. Kusurwar kamu tana fitowa daga cos φ = 1 − 2ae/D, inda ae faɗin kamu ne, D kuma dayamitar wuƙa. Wuƙa mai dayamita 10 da ke kama milimita 1 a gefe tana da kusurwar digiri 37, kusan ɗaya bisa goma na zagaye. Ita dai wannan wuƙa in tana tsaga cikakken rami, rabin zagaye take ciki. Da ta shiga kwanar ciki kuma, kamun yakan yi tsalle ko da firogiram bai sauya komai ba. Na biyu, wuƙa mai kan ƙwallo ba ta yanka da cikakken dayamitarta. A shimfiɗaɗɗen wuri, dayamitar da ke yanka ita ce De = 2√(ap × (D − ap)), inda ap zurfin yanka ne. Dayamita 10, zurfi 0.3, ya ba da 3.4 kacal. A juyi 10,000 a minti, gudun da ke takarda 314 ne, na gaskiya 107. Da ta hau bango mai tsayi sai gudun ya matso 314, kuma wani sashen bakin ne daban ke yanka. Don haka wuƙar ƙwallo a raba bakinta yanki-yanki, ko da na digiri goma-goma ne, kowane yanki da asusunsa.

Sai tarawa. Kowane sashe na hanya yana cin wani kaso na rayuwa: lokacinsa a raba da T na wannan yanayin. Idan jimillar ta kai 1, wuƙa ta ƙare. Aro aka yi daga ƙa'idar Palmgren da Miner ta gajiyar ƙarfe. Mu ci gaba da misalinmu: kaya ɗaya yana ɗaukar minti 3 a gudun 200, da minti 1.5 a gudun 260. Na farko 3/24 = 0.125. Na biyu 1.5/8.4 = 0.179. Jimilla 0.304. Kaya uku sun ci 0.91, na huɗu ba zai kai ƙarshe ba. Lura cewa guntun sashen nan na minti ɗaya da rabi ya fi dogon cin wuƙa. Idan ka sauke shi zuwa 230, lokacinsa ya zama minti 1.7, kasonsa ya koma 0.124, jimilla 0.249, baki ɗaya ya fitar da kaya huɗu da ƙyar, a kan ƙarin daƙiƙa goma sha biyu ga kowane kaya.

Wannan tarawar tana da rauni: ba ta damu da jerin aiki ba. Yanka mai nauyi a kan sabon baki da a kan bakin da ya ci rabi ba illa ɗaya suke yi ba. Shi ya sa nake tsayawa a 0.8, ba na jiran 1.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: mayar da kason zuwa VB ta layin da ka zana a mataki na uku. Kaso 0.3 ba yana nufin kashi 30 cikin ɗari na iyakar VB ta milimita 0.3 ba, saboda hawan farko mai sauri. Karanta daga layin.

Mataki na shida: mayar da VB zuwa siffa, ka gudanar da kwaikwayon fiye da sau ɗaya

VB faɗin tabo ne a gefe, ba shi ne nisan da baki ya ja baya ba. Abin da ke haɗa su kusurwar rarar da ke ƙasan baki ce, α. Idan fuskar wuƙa ba ta da karkata sosai, ja-bayan ≈ VB × tan α. Cikakkiyar dabarar tana raba wannan da (1 − tan α × tan γ), γ kuwa karkatar fuska ce, amma bambancin kaɗan ne a yawancin wuƙaƙe. Harafi na biyu a sunan insat, ɗan bakin nan da ake ɗaurawa da kusa, shi ke faɗin α: C digiri 7, P digiri 11, N sifili. Mai N, irin CNMG, mariƙi ne ke kwantar da shi ya ba shi rarar wajen digiri 6, kuma wannan za ka saka a lissafi.

Ɗauki digiri 7. Tan ɗinsa 0.123. VB na 0.3 ya ba da ja-bayan 0.037, a dayamita kuma ninki biyu, 0.074. Yanzu ka ce sandar da kake ferewa dayamita 40 ce mai awon h7: duk filin da aka ba ka 0.025 ne. Wuƙar da ISO ke cewa yanzu ta kai iyaka ta riga ta fitar da kai daga awo har sau uku. Idan ba za a taɓa ofset ba, wato lambar gyara da ake saka wa inji don matsar da wuƙa, VB ɗin da awon zai iya ɗauka wajen 0.10 ne, shi ma in ka fara daga can ƙasan filin. Ka tabbata kuma VB ɗin da ka saka na hancin wuƙa ne, inda ke haifar da fuskar ƙarshe, domin cin da ke can saman baki bai shafi awo ba.

Ga inda akasari ake tuntuɓe. A cikin manhajar da ke karanta lambobin G, kowace wuƙa tana da lambobi biyu masu kama da juna. Ɗaya siffar da ke goge ƙarfe a allo. Ɗaya kuma abin da ke cikin gidan ofset, wanda G41 da G42 ke karantawa don matsar da hanya, G43 kuma don tsawo. Siffa ita ce wuƙar gaskiya, gidan ofset shi ne abin da inji ya yi imani da shi. Duk kwaikwayon zaizaya wasa ne da tazarar da ke tsakanin biyun. Kwafi wuƙar a ma'ajiyar manhaja, ka gudanar da firogiram ɗin kamar haka.

Zagaye na ɗaya, sabuwar siffa, ofset na zaizaya sifili. Wannan shi ne abin da kowa ke yi.

Zagaye na biyu, rage siffar da ja-bayan da ka lissafa, ka bar ofset yadda yake. Wuƙa ta ci, ba wanda ya gyara. Kwatanta sakamakon da zanen CAD, wato zanen kayan na kwamfuta, amma fara matse ma'aunin kwatancen da na ragar ɗanyen ƙarfe zuwa ƙasa da abin da kake nema. Idan ragar manhaja 0.1 ce, ba za ta taɓa nuna maka 0.03 ba, za ta ba ka kore ka tafi da murna. Abin da za ka gani: ramuka sun tsuke, tudu ya kumbura, kuma ragowar da wuƙar ɓarzawa ta bari wa ta gamawa ta ƙaru. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin ƙaramar wuƙar da ke biye ita ke gadon nauyin.

Zagaye na uku, siffa a rage, ofset ma a rage daidai da ita. Bangaye miƙaƙƙu za su dawo awo. Duba abin da bai dawo ba: kwanar ƙasan rami da hancin wuƙa ya daddage, da fuskokin da aka yi da wuƙar ƙwallo, inda CAM ta lissafa hanya a kan cikakkiyar ƙwallo, gyaran G41 kuwa a shimfiɗe ɗaya yake aiki. Don kwaikwayon wannan, zana bakin da ya ci a matsayin wuƙa mai siffa ta musamman, kowane yanki da nasa ja-bayan daga asusun mataki na biyar.

Zagaye na huɗu shi ne wanda ba na tsallakewa: sabuwar siffa, tsohon ofset. An canza wuƙa, an manta a mayar da gidan zaizaya sifili. A zagaye na biyu kaya ya fito da rara, ana iya sake bi. A wannan kuwa an ci abin da ba ya dawowa. Idan cin ya wuce awo, sa firogiram ɗin da kansa ya share gidan duk lokacin da aka canza wuƙa, ko ya tsaya in lambar ta wuce iyaka.

Wani tarko yana cikin CAM. Mastercam da Fusion suna da zaɓin gyara da suke kira Wear, inda CAM ke matsar da hanya da cikakken radiyos, ta bar wa inji ɗan bambanci kawai. A wannan tsari gidan D, wato gidan ofset na faɗin wuƙa, daga sifili yake farawa. Idan manhajar kwaikwayo ta cika shi da radiyos ɗin wuƙa, an matsa sau biyu ke nan. Duba kuma ko gidan D radiyos yake karɓa ko dayamita, domin ya danganta da saitin injin; kuskure a nan yana ninka gyara ko ya raba shi.

Mataki na bakwai: ƙarfi da lanƙwasa

Dakusasshiyar wuƙa ba ƙanƙancewa kawai take yi ba, turjiya take yi. Manhajojin ƙarfi suna raba ƙarfin yanka gida biyu: wanda ke tafiya da kaurin sassaƙe, da wanda ke fitowa daga gogar baki, F = Kc × b × h + Ke × b, inda b faɗin sassaƙe ne, h kaurinsa, Kc lambar gidan yanka, Ke kuma ta gidan goga. Masu bin tsarin Kienzle na 1952 kuma suna ninka sakamakon da wani adadi na zaizaya, yawanci 1.3 zuwa 1.5 ga wuƙar da ta kai ƙarshe. Ninkawar ta isa in ƙarfin motar da ke juya wuƙa kake son sani. In awo kake nema, ta gaza, saboda zaizayar gefe a gidan goga take zama: ƙara Kw × VB × b, inda Kw lambar gogar tabon zaizaya ce. Shi ya sa a yankan gamawa, inda h siriri ne, ƙarfin ke iya ninkawa, a ɓarzawa kuwa da ƙyar a lura. Ƙarfin da ke tura wuƙa baya daga fuskar kaya kuma ya fi babban ƙarfin yanka saurin hawa, shi ne kuma mai ɓata awo.

Samun Kw: yi yanka iri ɗaya da sabuwar wuƙa da kuma wadda ka san VB ɗinta. In akwai na'urar auna ƙarfi, madalla. In babu, karanta nauyin motar da ke juya wuƙa, ka cire na lokacin da take juyawa a iska. Wannan hanya babban ƙarfin kawai take nunawa, kuma da ƙananan wuƙaƙe bambancin yakan ɓace cikin hayaniyar mota. Idan manhajarka ba ta da gurbin VB, ƙirƙiri katin ƙarfe na biyu mai Ke da aka ɗaga, ka haɗa shi da wuƙar da ka rage.

Ga yadda abin ke taruwa. Wuƙar milin ta kabayid, dayamita 10, ta fito milimita 40 daga mariƙi. Lanƙwasa δ = F × L³ / (3 × E × I), inda L tsawon fitowa ne, E turjiyar ƙarfen ga lanƙwasa, I kuma lambar da ke fitowa daga kaurin wuƙa. E na kabayid wajen 600,000 N/mm² ne, kuma saboda kwaroron jikinta akan lissafa da kashi 80 cikin ɗari na dayamita, wato 8, I ya zama 201. Ƙarfin gefe na newton 200 ya ba da 0.035. In zaizaya ta kai shi 300, ya zama 0.053. Ƙarin 0.018 ke nan a kan ja-bayan baki, kuma duk gefe ɗaya suke turawa idan ana yanka da bin juyin wuƙa, kamar yadda aka saba a CNC. Mai lissafin tan α kaɗai zai yi ta mamakin me ya sa kayansa ya fi hasashe kumbura.

Zafi kuma yana shigo da nasa. Ƙarfe mai dayamita 100 da ya ɗumama da digiri 20 yana buɗewa da wajen 0.023, ya koma in ya huce. Auna kayan gwaji bayan sun huce, in ba haka ba za ka zuba zafi a gurbin zaizaya.

Mataki na takwas: in sai ka shiga FEM

A nan ba ka ba manhaja VB, ita ke lissafa shi. Dabaru biyu aka fi samu a ciki. Ta Archard ta 1953 tana ɗaura ci a kan matsi, nisan goga da tauri. Ta Usui da abokan aikinsa a Japan, daga ƙarshen shekarun 1970, tana cewa saurin ci = A × σn × Vs × exp(−B/T), wato matsi, gudun zamewa, da T wanda a nan zafin wurin ne a ma'aunin Kelvin, A da B kuma lambobin gwaji ne. Ita aka fi amfani da ita ga kabayid.

Matsalar ita ce lokaci. Kwamfuta tana shafe sa'o'i kafin ta kwaikwayi ɗan ƙanƙanin yanki na daƙiƙa, wuƙa kuwa cikin mintuna take ci. Sai a yi zagaye: a yanka har ƙarfi da zafi su daidaita, a lissafa saurin ci a kowane ƙulli na ragar baki, a ninka da wani tsallen lokaci, a ja ƙullan baya, a sake saƙa raga, a koma farko. Zaɓi tsallen ta yadda VB ba zai ƙaru da fiye da 'yan maikiron goma-goma ba a zagaye ɗaya (maikiron ɗaya bisa dubu ne na milimita). Ka kuma tabbata zafin wuƙar ya kai matsayinsa na dindindin kafin lissafi, ta hanyar wani gudu daban na zafi zalla. T yana zaune cikin exp, don haka ƙaramin kuskure a zafi babban kuskure ne a ci. Abin ya fi tsanani a Ti-6Al-4V, haɗin titaniyam, wanda ke watsa zafi wajen 7 W/mK, alhali ƙarfen kabon yana kusa da 50, zafin duk sai ya taru a baki. A da B kuwa na haɗin wuƙa ɗaya da ƙarfe ɗaya ne. Ɗauko su daga wani haɗin daban ɓata lokaci ne. Daidaita su da layinka na mataki na uku a gudu biyu, ka gwada su a gudu na uku da ba su gani ba.

Mataki na tara: mayar da sakamakon kan inji, ka gyara lissafin da abin da ya dawo

Yanzu kana da abu biyu: adadin kayan da baki ɗaya zai yi, da jadawalin yadda awo ke zamewa. Na farko ya shiga ma'ajiyar rayuwar wuƙa ta injin. A injin da kwamfutarsa ta Heidenhain ce, gurbin TIME2 ne, da RT don wuƙar da za ta maye gurbi. Fanuc da Sinumerik ma suna ƙirga ko minti ko adadin kaya. Ka tuna agogon inji yakan ƙirga duk tafiyar turawa har da ta iska, don haka lambar da za ka ba shi ta bi irin ƙirgarsa. Wurin canjin kuma ka zaɓe shi a kwaikwayo, kada ya faɗo tsakiyar fuskar gamawa ya bar tabo.

Na biyu ya shiga ofset. A injin milin na Fanuc mai raba gidan siffa da na zaizaya, G10 L13 yana rubuta zaizayar D, L11 ta H, wato ta tsawo. A Sinumerik $TC_DP15 ne na radiyos, $TC_DP12 na tsawo. Da misalinmu na 0.074, gyaran 0.015 sau biyar ya rufe rayuwar bakin, amma ba a tazara ɗaya ba: na farko ya zo da wuri saboda hawan farko. Idan injin yana da na'urar taɓa kaya ko leza mai auna wuƙa, bar awo ya yi gyaran, jadawalinka ya zama mai gadi. Gyaran da ya ninka hasashe alama ce baki ya ɓantare ko sassaƙe ya maƙale a na'urar, inji ya tsaya.

A wuƙaƙe goma na farko, rubuta abu uku a kan kowace: kason da lissafi ya ce ta ci, VB ɗin da ka auna da aka cire ta, da jimillar ofset da aka saka mata. Idan VB ya saɓa da hasashe gefe ɗaya a kowane gudu, gyara C. Idan saɓanin yana girma tare da gudu, n ce ke da laifi. Idan VB ya dace amma ofset ya fi tan α yawa, koma mataki na bakwai ka ɗaga Kw. Duk ranar da aka sauya rufin insat, taurin ɗanyen ƙarfe ko ruwan sanyaya, sake gwajin gudu biyun nan kafin ka yi amfani da tsohon C.